Kwana Arba'in a Gaban Kwalbar Hawa

Tun da na dawo, duk wadda ta shigo yi mini barka da hanya sai ta gyara zama ta ce in ba ta labarin Maroko. Na ba da shi a tsakar gida, na ba da shi a gidan biki, na ba da shi ta salula har kunnena ya yi zafi, kuma kullum sai in ga na manta wani abu ko na sa na baya a gaba. Shi ya sa na ɗauko wani kaye, littafin rubutu, da ya rage mini tun ina koyarwa, na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Wadda take jiran labarin teku da dogayen benaye ta yi haƙuri. Abin da na fi gani a ƙasar shi ne wani dogon zaure na asibiti da kujerunsa na roba.

Falmata ita ce ƴata ta uku. Mijinta Ari yana karatun aikin ruwa a Rabat, ya ɗauke ta suka tafi tare. Da ta samu cikin fari, ya kamata a ce ta dawo Gure ta haihu a gabana, amma nisan ya yi yawa, sai aka shirya ni in je idan ta shiga wata tara, in yi mata wankan jego in dawo. An yi mini paspor, na ajiye a ƙasan akwati ina jiran lokaci.

Wata Talata bayan la'asar ina tsince zogale, na ji Malam, maigidana, yana magana a salula a zaure da wata murya da ban saba ji ba. Ya shigo ya tsaya a kaina. Ya ce Ari ne ya kira, jinin Falmata ya hau, likitoci sun yi mata aiki sun ciro ɗiya mace, wata bakwai, an sa ta a kwalba. Uwar tana da rai. Na tambaye shi ko ɗiyar ta yi kuka, ya ce bai tambaya ba.

Kafin magariba gidan ya cika da mata, kowacce da abin da ta ce ba a jego sai da shi. Garin gero, yajin jego, kuka, daddawa, kilishi, turaren wuta, busasshen ganyen dogon yaro na ruwan wanka, da wani dunƙulen kanwa mai girman kan jariri da maƙwabciyata Ya Bintu ta ce daga kwarinsu aka haƙo ta. Ba wadda na iya ce wa a'a. Da aka gama, sai da mutum biyu suka zauna a kan akwatin kafin ya rufu.

Na shiga mota da sassafe zuwa Damagaram. Ba mu wuce Gidigir da nisa ba taya ta fashe, ta canji kuma ba iska a cikinta. Muka sauko muka zauna a gindin wata aduwa har rana ta take, ana jiran mai babur da aka aika da tayar. Ni dai salula ce a hannuna, ba ta kama komai a wurin. Wani tsoho mai kai awaki kasuwa ya ga yadda nake ta juya ta, ya ce in hau tudun can, nan ake samu. Na hau tudun yashi da gwiwoyina na mai shekara sittin, na same ta, na kira, ba a ɗauka ba. Na sauko.

Na kwana gidan ƙanwata a Damagaram, da asuba na shiga babbar kar, wato bas, ta Yamai. Wanda bai yi wannan tafiya ba ba zai gane ba, wanda ya yi ta kuma ba ya son a tuna masa. Tasawa, Maradi, Madawa, Konni, Dogon Dutsi, Doso, kowane gari sai ka ce an ja shi an ƙara masa nisa. A kowane shinge jandarma su hau, kowa ya ɗaga katinsa sama kamar ƴan aji sun san amsa. Kusa da ni wata Hajiya ce mai saro atamfa, wadda ta san sunan kowane direba a hanyar. Da ta ji inda za ni, ta kwashe rabin hanya tana lissafa mini bakwainin da ta sani: wannan yanzu soja ne, wancan ya fi duk ƴan uwansa ƙiba, wata kuma har ta haifi tagwaye. Na san ba duka ne gaskiya ba, amma ban hana ta ba. A Konni ta saya mini gasasshen nama, ta tsare ni sai da na ci. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, a hannu na riƙe shi na sauka a Yamai.

Kwana biyu na yi a can gidan wani ɗalibina na da, ana neman mini wuri a jirgi. Shi jirgin ba ni da abin faɗa a kansa. Na rufe ido lokacin da ya tashi, na rufe lokacin da ya sauka, a tsakani aka ba ni abinci a ɗan faranti mai kama da na wasan yara.

A filin jirgin Kazablanka aka buga mini hatimi ba wata wahala, sai da na zo wurin ƴan duwan, masu binciken kaya. Akwatina ya bi ta cikin na'urarsu, wani saurayi mai kaki ya ce in zo gefe in buɗe. Da murfin ya tashi, daddawa ta riga kowa magana. Ya ja baya kaɗan, ya kira abokin aikinsa. Suka wuce kuka da yaji, suka tsaya a kan kanwa. Suka juya ta, suka ƙwanƙwasa, suka tambaye ni mene ne wannan. Faransancin da na koyar shekara talatin ya gudu ya bar ni, na rasa sunanta. Na ce gishiri ne, amma ba gishiri ba ne. Na ce ana sa wa a kunu don mace mai jego. Da na ga ba su gamsu ba, na ɓalli kaɗan na sa a baki na tsotsa a gabansu. Wata babbarsu mace ta zo, ta saurare ni, ta tambaya wa ya haihu. Na ce ƴata, jaririyar tana kwalba, ban gan ta ba tukuna. Ta dube ni, ta yi wa samarin magana da Larabci, suka mayar mini da kanwar. Kilishin ne suka riƙe, wai nama ba ya shiga. Ban yi musu ba, ba ni da sauran ƙarfi.

Ari na jira a waje da wata rigar sanyi a hannu. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar mutane, masu wucewa suna kallonmu. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Rabat, ana yayyafi, sanyi irin wanda yake shiga ƙashi ya zauna.

Masaukinsu ɗaki biyu ne a hawa na huɗu, ba tsakar gida, ba inda mutum zai zuba ruwa ko ya shanya zane sai wata igiya a bakin taga. Bayi ɗaya ne, kuma ƙofarsa tana kallon inda ake cin abinci. A Gure, ni da surukina gaisuwa ce daga bakin zaure, ba ya ganin ina ci, ba na ganin yana ci. A nan sai ga mu muna kauce wa juna a wata ƴar hanya da ba ta kai faɗin tabarma ba. Yaron kirki ne. Ya bar mana ɗaki ni da Falmata ya koma kan kujera, kuma kowace safiya sai ya ƙirƙiro sayen burodi ya fita, ya daɗe, don in samu in yi wanka in kintsa. Burodi ya yi ta taruwa a gidan har muka rasa yadda za mu yi da shi.

Falmata na same ta an sallamo ta, tana tafiya a duƙe tana dafa bango. Ba ta yi kuka ba da ta gan ni, ta ce dai, "Inna, kin zo," ta kwantar da kai a cinyata. Washegari muka tafi asibiti tare.

Ba a shiga wurin jariran haka kawai. Sai an cire zobe da awarwaro, a wanke hannu har gwiwa, a sa wata riga shuɗiya a kan tufa, a rufe baki da hanci. Mutum biyu kaɗai ake bari, su ma na ɗan lokaci. Na tuna yadda ɗakin mai jego yake cika a wurinmu, kowa ya karɓi jariri ya juya shi ya faɗi wanda ya ɗebo. Nan shiru ne, sai ƙarar na'urori kamar tsuntsaye a kurmi.

Tana cikin kwalba ta uku daga ƙofa. Da ba a nuna mini ba, da na ce ba a gama halittarta ba. Duk tsawonta bai wuce daga yatsuna zuwa gwiwar hannuna ba, fatarta ja, ana ganin jijiyoyi. Roba a hanci, roba a baki, wani abu mai jar wuta naɗe a ƙafarta, sannan wani farin faci manne a goshi, da waya ta fito daga jikinsa ta hau zuwa wani allo da lamba take canzawa a kai. Hula ta rufe sauran kan. Na nemi fuskar jikata na rasa inda zan duba.

Mai jinyar da ke kula da ita, Madam Samira, mace ce mai jiki da saurin magana. Da ta ji ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ta ce to za ta yi mini darasi. Na ƙafar, in ji ta, yana auna yawan iskar oksijin da jini ya ɗauko daga huhu. Na goshin kuwa wani ɗan haske yake aikawa ta cikin fata, ba zafi ba huda, ya dawo ya faɗi ko iskar ta isa cikin naman ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Jini yana iya ɗauko iska sosai, amma idan jinin ya yi kaɗan ko ba ya gudu da ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta zauna da ƙishi ba wanda ya sani, kuma a irin waɗannan ƙananan, ɓarnar ba ta nunawa sai yaro ya girma. Na ce mata na gane, mu ma a lambunanmu na kwari rijiya tana iya cika amma fangalin ƙarshe ya bushe. Ta yi dariya ta ce in zo in riƙa yi wa ɗalibansu bayani. Ta ƙara da cewa yawanci kwanakin farko kawai ake sa facin, amma wannan yarinyar ba ta daidaita ba, shi ya sa likita ya ce a bar mata.

Ranar ce kwana bakwai. A Gure an yanka rago, an raba goro da dabino, an yi suna ba uwa ba ɗiya. Malam ya kira muka sa salula a kunne muna jin hayaniyar gidanmu daga zauren asibiti. Ari ya nemi izini, ya buɗe ƴar tagar kwalbar da ake zura hannu, ya sunkuya ya raɗa mata sunanta, Hawa. Muka fito muka ci dabino uku uku a kan kujerun roba. Sunan ke nan.

Daga nan kwanaki suka zama iri ɗaya. Mu tashi, Falmata ta tatsi nono a ƴar kwalba, mu sauko hawa huɗu a hankali, mu shiga motar haya, mu wanke hannu, mu zauna. Larabcin da nake salla da shi bai saya mini ko albasa ba a kasuwarsu, sai nuni da yatsa. Komai da burodi suke ci, har miya. Maza suna sumbatar juna a kumatu in sun haɗu, kyanwoyi kuma sun fi awakin Gure yawa, ba mai korarsu. Ran Juma'a suna yin wani abinci kamar burabuskonmu, sai dai na alkama ne, kuma ba ya riƙe ciki.

Wankan jegon da ya kawo ni ban yi shi ba. Likitar Falmata ta ce ba ruwan zafi a kan ɗinki. Da na yi maganar kunun kanwa, ta sa na kwatanta mata ko mece ce, sannan ta ɗaga hannu biyu ta ce kada ko ƙwaya ta shiga bakin mai hawan jini, tana iya taɓa mata zuciya. Na dawo gida na dubi dunƙulen da na tsotsa a gaban ƴan duwan, na tura shi ƙarƙashin gado. Turaren wuta na gwada sau ɗaya, wata na'ura a rufin bene ta kama ihu, maƙwabta suka fito. A nan na san Lalla Hadiza, tsohuwar da ke ƙasa da mu. Ta hau da tsintsiya a hannu, ta ga abin da ya faru, ta shaƙi turaren ta ce in ba ta kaɗan. Kashegari ta dawo da babban kwano na kaza da gurasa yagaggiya da hulba, ta nuna Falmata ta nuna ƙirjinta, na gane abincin masu jego ne a wurinsu, don nono. Ba ta jin Faransanci, ba na jin yarenta, amma kusan kullum sai ta hau ta zauna, mu yi ta gyaɗa wa juna kai. Ita ta kwashe burodin nan ta san yadda ta yi da shi.

Da yake ba ni da wankan yi, ba ni da kunun damawa, sai na koma kallon allo. Na san inda lambar goshi take zama in Hawa tana barci, na san yadda take motsi in an juya ta. Wata safiya ina zaune ni kaɗai, Falmata ta je a duba ɗinkinta, sai lambar ta faɗi ƙasa gaba ɗaya, na'urar ta kama ƙara. Ban san lokacin da na miƙe na kira Madam Samira da muryar da nake tsawata wa ƴan aji ba. Duk ɗakin ya juyo, wata jaririya ta farka. Ta zo da gudu, ta duba, ta sa yatsa ta danna facin. Gefensa ne ya ɗago don gumi. Lamba ta koma wurinta. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce dai a hankali a nan ba a ɗaga murya. Na ji kamar in nutse. Kwana biyu ban yarda na haɗa ido da ita ba.

A mako na uku na lura da wani abu dabam. Lambar ba ta faɗi ba, na'ura ba ta yi ƙara ba, ta ƙafa tana nan lafiya. Amma ta goshi kullum sai ta zauna ƙasa kaɗan da inda ta zauna jiya. Hawa kuma ta rage ƴan harbe-harben da take yi, tafin hannunta ya yi fari. Na yini ina shawara da kaina. Tsohuwa daga Gure da ta riga ta tara wa kanta jama'a sau ɗaya, ta sake zuwa ta koya wa likitoci aikinsu? Na koma gida ban gaya wa kowa ba, abinci ya ƙi shiga. Da safe na wanke hannu, na je na tsaya kusa da Madam Samira har ta gama abin da take yi, na ce mata ƙasa ƙasa:

"Ki yi haƙuri, ƙila ni ce ban iya gani ba. Amma kwana uku ke nan tana sauka."

Ta dube ni, ta dubi allon, ta ce sun gani su ma, tun da sassafe aka ɗebi jinin Hawa aka kai awo. Ta ce in zauna. Kafin azahar likita ya zo ya kira Ari da Falmata, ya ce jinin yarinyar ya yi ƙasa, abin da yakan faru da bakwaini, za a ƙara mata. Ari ya sa hannu a takarda. Aka rataya wata ƴar leda da ba ta kai tafin hannu ba, jinin wani bawan Allah da ba za mu taɓa sani ba, yana ɗiga a hankali. Aka ce mu fita.

A kujerun roba, Falmata ta tambaye ni ko ina ganin za ta rayu. Ban san abin da ya sa ba, sai na ba ta labarin da ban taɓa ba kowa cikin ƴaƴana ba. Kafin yayanta na fari, lokacin da aka tura mu koyarwa wani ƙauye a yankin Bune, na haifi ɗa namiji wata bakwai. Ungozoma ta naɗe shi da auduga da zane, aka ajiye kaskon garwashi kusa da shi. Kwana uku ya yi. Ina kallonsa leɓensa yana yin baƙi, ina ce wa matan wani abu yana damunsa, suna cewa barci yake. Bai kai suna ba, shi ya sa ba a lissafa shi. Falmata ta tambaya ko Baba yana tunawa. Na ce shi ya ɗauke shi a hannu ya kai, amma ba mu taɓa maganar ba tun ranar.

Da la'asar aka bar mu muka shiga. Lambar ta hau, ba da yawa ba, amma ta hau. Madam Samira ta wuce ta bayana ta dafa kafaɗata ba ta tsaya ba.

Bayan haka abubuwa suka fara sauƙi, a hankali ƙwarai. Aka cire robar baki, ta fara karɓar nono. Aka fara ba Falmata ita tana kwantar da ita a ƙirji, fata da fata, a rufe su da zane. Na ce mu a baya muke goyo, suka ce wannan sai a gaba, don ta ji ɗumi da bugun zuciya. Wata rana Falmata ta gaji, bayanta ya riƙe, Madam Samira ta nuna ni ta ce kaka ma tana da ƙirji. Aka ja labule, na kwance rigata ina jin kunya kamar amarya, aka ɗora mini ita. Ba ta da nauyin da ya kai kwanon fura. Na yi awa guda ban motsa ba, har ƙafata ta mutu, ina jin ƴan yatsunta suna taɓa wuyana.

Ana saura kwana huɗu in taho likita ya ce a cire facin goshi da robar hanci. Na tambaye shi kai tsaye ko kwanakin da lambar ta yi ƙasa sun taɓa mata kai. Ya ce hoton da suka ɗauka bai nuna komai ba, amma ba zai yi mini alkawari ba. Sai ta zauna a lokacin zama, ta yi tafiya a lokacin tafiya, ta yi magana, sannan za a sani. Za su riƙa dubanta. Na gode masa da bai yi mini daɗin baki ba. Madam Samira ta jiƙa auduga ta ɗaga facin a hankali, ta zame hular. Wurin ya yi ɗan ja. A ranar na fara ganin fuskar Hawa gaba ɗaya, bayan fiye da wata guda ina zaune a gabanta. Falmata ta ɗauki hoto ta tura a salulata.

Ranar komawata tana rubuce a tikiti, kuma Malam ba shi da mai dafa masa abin da ciwon sukarinsa ya yarda da shi sai ni. Na baro Hawa ba a sallame ta ba, an dai fitar da ita daga kwalba zuwa ɗan gado. Lalla Hadiza ta rako ni har bakin titi tana ta magana, ina ta amsawa da amin. Ari ya kai ni filin jirgi, ya sake durƙusawa, na ce ya tashi, Allah ya yi masa albarka, ya riƙa cin abinci.

Dawowar ta fi tafiyar tsawo. Kar ɗinmu ta lalace kusa da Madawa muka yi rabin yini a rana, na sake kwana a Damagaram, na iso Gure ran Alhamis da azahar, ba na ko iya ɗaga ƙafa in tsallake dokin ƙofa. Malam yana zaure. Ya yi mini sannu da zuwa, ya tambayi hanya, ya tambayi Falmata da mijinta, ya ce in shiga in huta. Bai tambayi komai a kan yarinyar ba.

Sai bayan la'asar, da mata suka ɗan ragu, ya shigo ya zauna a bakin gadona ya ce in nuna masa. Na buɗe hoton na miƙa. Ya sa tabarau, ya kai salular kusa da ido, ya nisanta ta, ya sake kusantowa. Ya daɗe har allon ya mutu, ya miƙo in sake kunna masa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ta fi wancan girma?"

Na ce a'a, Malam, kusan ɗaya suke. Ya gyaɗa kai. Ya riƙe salular a hannu bai mayar mini ba, ni kuma na jawo matashi na kwanta, barci ya ɗauke ni yana nan zaune.